Kafin kwamfutar kwantam ta iso, ina bayanan masu ciwon dajinmu?

Kawuna, yayan mahaifiyata, dillalin gyaɗa ne a kasuwar Dawanau. Mutum ne kakkaura mai son raha, wanda in ya damƙi gyaɗa a tafin hannu ya murza ya shinshina, zai gaya maka daga wace ƙasa aka ɗauko ta. A wata damina ya fara ramewa, cikinsa kuma na tasowa. Idonsa ya yi ɗorawa-ɗorawa, aka ce shawara ce, aka shiga jiƙe-jiƙe. Da abin ya ƙi, wasu a dangi suka fara raɗe-raɗin sammu, don a lokacin kasuwarsa tana gaba. Sai da ya kasa sunkuyawa ya ɗaura takalmi sannan ya yarda na kai shi asibiti. Aka yi hoton ciki. Likitar ta jawo ni gefe ta ce, "Malam, sai haƙuri, ciwon daji ne, kuma ya riga ya cinye hantar." Bai cika wata biyu ba Allah Ya karɓi abinsa, yana da shekara 46.

Bayan sadakar bakwai na buɗe jakar ledar da muke yawo da takardunsa. Kati ɗaya ne, da takardar hoton ciki, da rasit na magani. Abin da ilimin likitanci ya sani game da ciwon da ya kashe Kawu ke nan. Ba a ɗebi tsokar ba, ba a karanta ƙwayoyin gadonta ba, babu wani rumbun bayanai a duniya da ya san an yi irin wannan ƙari a Kano.

Wannan jakar ce ta faɗo mini a rai ranar da wani tsohon ɗalibina, wanda na koyar da lissafi a sakandare kuma yanzu yake karatun kwamfuta a Jami'ar Bayero, ya tare ni bayan sallar Juma'a yana ta murna. Ya ce, "Malam, ka ji an ce kwamfutar kwantam za ta gano sirrin ciwon daji?" Na ce na ji. Na kuma ce masa ya zo gida mu zauna, don maganar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin masallaci. Abin da na gaya masa shi nake son faɗa a nan. Aikin da ake yi da wannan na'ura, wato sabon nau'in kwamfutar da ake kan ƙerawa, aiki ne na gaske, kuma ya kamata yaranmu su shiga cikinsa. Sai dai na'urar, ko da ta kai inda ake fata, ba za ta auna abin da ba a zuba mata a mudu ba. Mu kuwa a Kano har yau ba mu zuba komai ba.

A kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai rubutun gado, wanda ake kira DNA, mai haruffa kusan biliyan 3. An kammala aikin karanta shi a 2003. A cikinsa akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000, kowace da aikinta. Wasu suna cewa ƙwayar halitta ta rabu ta hayayyafa, wasu suna cewa ta tsaya, wasu suna gyara kuskuren rubutu, wasu kuma suna umartar ƙwayar da ta lalace ta kashe kanta. Ciwon daji yana farawa ne idan kuskure ya shiga waɗannan umarnai, ƙwaya ta yi ta rabuwa babu mai tsawata mata.

Matsalar ita ce ƙari ɗaya yana iya ɗauke da kurakurai ɗaruruwa ko dubbai, kuma yawancinsu ba su da laifi. Masana suna kiran masu laifin direbobi, sauran kuma fasinjoji. Sannan direbobin ba ɗaya ba ne a kowane mara lafiya. Ɗauki birkin Adaidaita Sahu. Akwai abin takawa, akwai wayar da ke jan birkin, akwai takalmin da ke damƙe ƙafa. Idan aka tara babura ɗari da birkinsu ya tsinke a Ƙofar Ruwa, za ka tarar wasu waya ce ta katse, wasu takalmi ne ya cinye, wasu kuma abin takawar ne ya karye. Da wuya ka samu wanda duka ukun suka lalace a tare, domin ɗaya ma ya isa ya kai mutum kwata. Bakaniken da bai taɓa ganin birki ba, in ya lura da kyau cewa kusan kowane babur yana da ɗaya daga cikin lahanin nan uku, kuma ba sa haɗuwa, zai gane cewa abubuwan uku aiki guda suke yi. Haka ƙwayoyin gado suke aiki a jere, wannan ta taɓa waccan, waccan ta taɓa ta gaba. Jerin nan shi ake kira hanya. A ciwon dajin huhu, alal misali, an daɗe da lura cewa wanda ke da lahani a ƙwayar EGFR da wuya a same shi da lahani a KRAS, saboda kan hanya ɗaya suke.

Gano hanyar ba ƙaramin abu ba ne, don daga nan ake samun magani. Wani nau'in sankarar jini ya kasance hukuncin kisa har aka gano haɗuwar ƙwayoyi biyu, BCR da ABL, da ke tuƙa shi. A 2001 aka amince da maganin imatinib da ke toshe wannan wuri, kuma yau mutane suna shan ƙwayar suna rayuwa shekaru masu yawa. Tun 1998 ake amfani da trastuzumab ga matan da sankarar mamansu ke da yawan wani sinadari mai suna HER2. Duk wanda ya ce binciken nan wasan Turawa ne, bai zauna da wanda irin wannan magani ya tayar daga kwance ba.

Inda lissafi ya shigo, kuma inda ni nake da ta cewa, shi ne wajen neman jerin. A zana tebur, marasa lafiya a layi-layi, ƙwayoyin gado a sama, a sa 1 inda akwai lahani, a sa 0 inda babu. Ana neman 'yan ƙwayoyin da za su game yawancin marasa lafiyar ba tare da sun riƙa haɗuwa a mutum ɗaya ba. Tun 2012 wasu masana a Jami'ar Brown ta Amurka suka tsara tambayar a haka, suka fitar da wata dabara da suka kira Dendrix. Faɗar tambayar da sauƙi, amsa ta ne aiki. Idan za a zaɓi ƙwayoyi 2 daga 20,000, hanyoyin zaɓen sun kusa miliyan 200. Idan 3 ne, sun haura tiriliyan 1. Idan aka ce 5, kwamfutar da ke duba zaɓi biliyan 1 a kowace daƙiƙa za ta shafe sama da shekara 800 ba ta gama ba. Na sa ɗalibin nawa ya buga lissafin da kansa a takarda, na ga ya ajiye biro ya yi shiru. Shi ya sa masana ba sa duba duka. Suna tace ƙwayoyin su rage, su yi amfani da dabarun kintace masu kyau, su karɓi amsar da ta yi kusa.

Kwamfutar da muka sani tana aiki da 0 ko 1. Ta kwantam tana aiki da abin da ake kira kiyubit, wanda kafin a auna shi yana iya zama cikin gaurayen 0 da 1, kuma ana iya sarƙe kiyubit da 'yan'uwansa ta yadda halin ɗaya ba ya rabuwa da na sauran. Richard Feynman ne ya kawo shawarar irin wannan na'ura a 1981, Peter Shor kuma ya nuna a 1994 cewa za ta iya warware wani lissafi da ke wahalar da kwamfutocinmu. Ana yawan cewa wai tana gwada duk amsoshi a lokaci guda. Maganar tana da ƙarin gishiri, domin in an zo aunawa amsa ɗaya tak take bayarwa, kuma gwanintar duka tana wajen tsara lissafin ta yadda amsar kirki za ta fi yawan fitowa.

Nau'in da aka fi gwadawa a wannan fanni shi ne na kamfanin D-Wave da ya samo asali a Kanada. Ana mai da tambayar ta zama kamar ƙasa mai tudu da kwari, inda amsa mafi kyau ita ce wuri mafi gangare. Duk wanda ya ga ruwan sama na gangarowa daga Goron Dutse ya san ba duka yake kaiwa Jakara ba. Wani yakan maƙale a kududdufi, tudu ya tare shi, ya kwanta a nan. Haka dabarun kwamfutar yau da kullum suke maƙalewa a amsar da ke da dama-dama. Fatan da ake yi shi ne na'urar kwantam ta ratsa ta cikin tudun maimakon ta haura shi. Ratsawar nan ba tatsuniya ba ce: kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks ta 2025 an ba John Clarke da Michel Devoret da John Martinis ne saboda sun nuna ta a cikin da'irar lantarki. A 2019 wasu masu bincike, akasarinsu daga Jami'ar Carnegie Mellon, sun gwada irin wannan tsari a kan bayanan masu sankarar jini. A 2023 kuma asibitin Cleveland Clinic ya girke kwamfutar kwantam ta IBM a harabarsa domin binciken lafiya kawai.

Duk da haka dole a faɗi gaskiya. Na'urorin yau ƙanana ne kuma masu yawan kuskure. Ana sanyaya yawancinsu har su fi sararin samaniya sanyi, ɗan motsi ko ɗan ɗumi ya ɓata lissafin. Na'urar Willow da Google ya nuna a Disamba 2024 kiyubit 105 gare ta. A 2019 da Google ya ce tasa ta yi a daƙiƙa 200 abin da zai ɗauki babbar kwamfuta shekara 10,000, IBM ya mayar da martani cewa kwana biyu da rabi sun isa. Gwaje-gwajen da aka yi kan ciwon daji an yi su ne da 'yan ƙwayoyin gado da aka riga aka tace, girman da kwamfutar tebur ma za ta iya da shi. Babu wani maganin ciwon daji a kanti yau da kwamfutar kwantam ta gano. Gwaji ne na koyon tafiya, kuma ina girmama shi a matsayinsa.

To a ce gobe na'urar ta girma, ta daina kuskure. Teburin wa za a ba ta?

Babban rumbun da masu wannan bincike suke ɗiba shi ne TCGA na Amurka, wanda aka fara a 2006, ya tattara bayanan marasa lafiya sama da 11,000 a nau'in ciwon daji 33. Kusan kashi uku cikin huɗu na mutanen fararen fata ne, baƙaƙen da ke ciki kuma galibi 'yan Amurka ne. A manyan binciken ƙwayoyin gado na duniya baki ɗaya, kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka gwada masu asalin Turai ne, masu asalin Afirka ba su wuce kashi 2 zuwa 3 ba. Alhali kuwa babu nahiyar da mutanenta suka kai na Afirka bambancin ƙwayoyin gado a tsakaninsu.

Wani zai ce ai ciwo ciwo ne, jiki kuma jiki ne. Ciwon Kawu shi zai ba shi amsa. Gyaɗa da masara in aka adana su da laima suna yin funfuna, funfunar kuma tana fitar da guba mai suna afalatoksin. Gubar nan tana da wurin da take sara a rubutun gado: ƙwayar TP53, wadda ita ce babban birkin jiki kuma ake samun ta a lalace a kusan rabin ciwon daji, a daidai gurbi na 249. An ga wannan tambari da yawa a masu ciwon dajin hanta a Gambiya da Mozambik da wani yanki na ƙasar Sin, amma a Turai da Amurka da ƙyar ake ganinsa. Idan gubar ta haɗu da ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda ta yi katutu a ƙasarmu, haɗarin yana ninkuwa sau da yawa. Garin da ya yi suna da dalar gyaɗa, garin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da kunun gyaɗa, shi ya fi kowa buƙatar a karanta hantar mutanensa. Na tuna yadda ake ware gyaɗar da ta yi baƙi a shagon Kawu a sayar da ita da araha ga masu tuya, babu wanda ya ɗauki hakan wani abu.

Haka zancen mata. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Chicago, ta shafe shekaru tana aiki da likitoci a Ibadan, kuma bincikensu ya nuna sankarar mama a matan Najeriya tana zuwa da wuri, kuma nau'in da ba ya jin maganin da aka saba bayarwa ya fi yawa a cikinsu fiye da a Turawa. Wannan a kudu maso yamma ke nan. Mu nan Arewa muna da namu. Yaran da ke wanka a dam da fadamun rani suna kamuwa da tsargiya, tsargiyar da ta daɗe kuma tana jawo wani nau'in ciwon dajin mafitsara dabam da wanda aka fi gani a Turai. Hanyoyin da suka karkace a irin wannan ƙari, na'urar da ke Amurka ba za ta gano su ba komai ƙarfinta, tunda ba sa cikin teburinta.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini. Wata ƙanwata ma'aikaciyar jinya ta ce, "Yaya, mutanen da ke sayar da gona su tafi Zariya ko Abuja neman gashin ciwon daji, su tarar na'ura ta lalace, su za ka yi wa zancen kwantam?" Tana da gaskiya, kuma ban ji haushinta ba. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2022 ya nuna Najeriya na samun sababbin masu ciwon sama da 120,000 a shekara, kusan 80,000 kuma suna mutuwa. Yawancinsu ana kawo su ne a makare, kamar Kawu. Idan naira ɗaya ce a hannun gwamnati, ni ma zan ce a sa ta a rigakafin cutar hanta ga jarirai tun ranar haihuwa, da rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoba 2023, da koya wa manoma busar da gyaɗa da amfani da Aflasafe, mai rage gubar afalatoksin a amfanin gona, da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar. Ban taɓa cewa Kano ta sayi kwamfutar kwantam ba, kuma duk ɗan siyasar da ya yi wannan alkawari a tambaye shi inda zai samo wutar sanyaya ta.

Amma abin da nake nema ba kishiyar abin da ƙanwata take nema ba ne. Likitan da zai duba tsoka a madubin gwaji ya faɗi ainihin nau'in ƙari, shi ne dai wanda mara lafiyar yau take buƙata kafin a fara mata kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, kuma shi ne wanda zai ajiye ragowar tsokar don binciken gobe. Rajistar masu ciwon daji da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, in aka ba ta ma'aikata da kuɗin bin asibitocin jiha da masu zaman kansu, ita za ta gaya wa gwamnati na'urar gashi nawa ake buƙata, ita kuma za ta zama layin farko na teburin da nake magana. Firjin da ba ya ɗaukewa, takardar da aka cike daidai, lambar da ke bin mara lafiya daga asibiti zuwa asibiti: waɗannan ba su da ƙyalli, ba a yanka musu kintinkiri, amma da su ake fara komai. Karanta rubutun gado ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Cibiyar ACEGID da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ita ta fara karanta ƙwayar korona a duk Afirka a Maris 2020. Abin da aka yi a Ede ana iya yinsa a Kano. Cibiyar NICRAT ta ƙasa mai kula da binciken ciwon daji ya kamata ta ji wannan buƙata daga bakin wakilanmu.

Akwai wani abu da ba zan tsallake ba. Mutumin Kano yana da dalilin ɗari-ɗari in aka ce za a ɗebi jininsa don bincike. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200 a garin nan, 11 suka mutu, shari'a ta ja har aka yi sulhu da gwamnatin jiha a 2009. Tabon nan yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Don haka duk rumbun da za a kafa, a bayyana wa mara lafiya da Hausa abin da za a yi da tsokarsa, ya yarda da bakinsa ko ya ƙi ba tare da an hana shi magani ba. Samfurin ya zauna a nan, a hannun jami'o'inmu. Wanda zai yi aiki da bayanan daga waje ya zo da yarjejeniya a rubuce, sunan likitocinmu ya fito a sakamakon, malamai da masu unguwanni su san abin da ake ciki tun daga farko. Muna da dokar kare bayanai ta 2023, a yi aiki da ita. In ba haka ba, za mu koma gidan jiya: a kwashi gyaɗa a jirgin ƙasa, a dawo mana da mai a gwangwani da tsadar da ba za mu iya ba.

Ga yaran kuma, ƙofa a buɗe take fiye da yadda suke zato. Tun 2016 IBM ya sa kwamfutar kwantam a intanet, kuma ana iya koyon rubuta mata umarni da manhajar Qiskit kyauta. Jami'ar Wits ta Afirka ta Kudu ta shiga haɗin gwiwa da su tun 2019. Wani ɓangare na bayanan TCGA a buɗe yake ga kowa. Abin da ake buƙata shi ne aljebra mai ƙarfi, da ilimin yiwuwa, da haƙuri. Ina son ranar da za a zauna tsara tambayar da za a ba na'urar, a samu ɗan Fagge ko 'yar Gwale a teburin, wanda ya san gyaɗa mai baƙi da ruwan dam, wanda zai ce a duba gurbi na 249.

Ɗalibin nawa ya sauke bayanan masu sankarar jini 200 da TCGA ta wallafa a 2013, yana ta gwada neman ƙwayoyi uku-uku a tsohuwar kwamfutarsa, yana zuwa duk Asabar ya nuna mini inda ya kai. Ni kuma bayan rasuwar Kawu na tattara 'ya'yansa bakwai na kai su gwajin cutar hanta. Biyu aka samu da ita, sauran biyar aka yi musu rigakafi. Babban yana zuwa hoton hanta da gwajin jini duk wata shida. Na saya masa fayil mai ƙarfi, kowace takarda muna yi mata hoto a waya kafin mu bar asibitin. Zuwansa na gaba ranar Talata ne, ni zan kai shi.